Waƙafin Ƙarshe a Jerin Kayan Fankishin: Tsakanin Nahawun Kwamfuta da Nahawun Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata 'yar ƙa'ida a yarukan shirya manhaja: ko a yarje wa mai rubutu ya sa waƙafi bayan abu na ƙarshe a cikin baka biyun fankishin, ko a hana shi. An bi yadda JavaScript da PHP da Python da Go da Swift suka yi da batun, sannan aka gwada shi da yadda Bahaushe yake jera abubuwa a magana da yadda almajiri yake rufe aya a allo. Matsayin maƙalar shi ne, idan jeri ya sauka layi-layi, waƙafi ya fi amfani a matsayin marufin kowane abu fiye da shinge tsakanin abubuwa biyu, kuma ɗalibin da Hausa ce harshensa ya riga ya san wannan tsari tun kafin ya taɓa kwamfuta.

1.0 Gabatarwa



Na san akwai wanda ya ga taken nan ya yi murmushi, ya ce da rashin wuta da tsadar data duk ba su ishe mu abin tattaunawa ba sai waƙafi. Yana da gaskiyarsa. Ni ma ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai da ya ci mini yammaci guda a Danchadi, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, inda nakan zauna da wasu samari lokacin hutu muna koyon Python. Yawancinsu ba su da kwamfuta, a waya suke rubutu da manhajar Pydroid. Mun rubuta ɗan shiri da zai riƙe wa wata ƙungiyar manoma sunayen mambobi da abin da kowa ya shuka. A ciki akwai fankishin, wato gungun umarni mai suna da ake kira a miƙa masa kaya ya yi aiki a kansu, kuma an kira shi kamar haka:

    jera_amfani(
        "gero",
        "dawa",
        "wake"
    )

Wani yaro ya tuna ba a sa gyaɗa ba, ya ƙara ta a ƙasan wake, ya manta bai koma ya sa waƙafi bayan wake ba. Da a ce shirin ya tsaya ya yi ƙara, da cikin minti ɗaya an gyara. Bai yi ba. A nahawun Python, idan kalmomi biyu masu alamar zance suka zo dab da juna babu komai tsakaninsu, haɗe su ake yi su zama ɗaya. Sai takardarmu ta fito da wani amfanin gona da ba a taɓa shukawa a ƙasar Sakkwato ba, wai shi "wakegyaɗa". Sai da la'asar ta yi sanyi muka gano inda gizo yake saƙar. Da tun farko akwai waƙafi bayan wake, ko da shi ne na ƙarshe, babu abin da zai faru.

2.0 Shinge ko marufi

Gardamar ta girmi yawancinmu, sai dai da can a kan waƙafi mai ruwa aka yi ta. A yaren Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970, waƙafi mai ruwa shinge ne tsakanin umarni biyu, shi ya sa idan ka sa shi kafin kalmar else kuskure ne. A yaren C na Dennis Ritchie kuwa marufi ne, kowane umarni da nasa a ƙarshe. A 1975 Gannon da Horning suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai a kan fasalin yaruka biyu, suka samu cewa kuskuren waƙafi mai ruwa ya fi yawa nesa ba kusa ba inda aka ɗauke shi shinge. Brian Kernighan ma ya sa wannan cikin ƙorafe-ƙorafensa kan Pascal a 1981. A fagen umarni dai marufi ne ya ci, kusan duk yaren da ya biyo sawun C haka ya yi.

Abin mamaki, waƙafin jeri bai samu wannan adalci ba. Shi C ɗin ya yarda da waƙafin ƙarshe a jerin ƙimomin farko na tsari, kuma ƙa'idar 1999 ta ƙara yarda da shi a enum, amma har yau bai yarda da shi a kiran fankishin ba. Java ma haka, C++ ma haka. Babu wata hujja ta lissafi da ta raba wurin da aka yarda da wurin da aka hana. A ganina gado ne kawai daga rubutun lissafi da na Turanci, inda ba a saba ganin waƙafi a jingine da baka ba. Kuma a zamanin da fankishin yake karɓar abu biyu ko uku a layi ɗaya, babu wanda abin ya dama.

Abin da ya canza shi ne yadda ake aiki tare. Tun daga shirin diff da Douglas McIlroy ya rubuta wa Unix a shekarun 1970, har zuwa Git da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, layi ne ma'aunin canji. Na'urar ba ta san ka ƙara waƙafi kawai ba, abin da ta sani an taɓa layi. Idan yaron nan ya ƙara gyaɗa yadda ya kamata, Git zai nuna an goge layin wake, an sake rubuta shi, an kuma ƙara layin gyaɗa: layi uku a idon mai dubawa, alhali abu ɗaya aka yi. Sannan akwai umarnin da ake kira blame, wanda ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Daga ranar zai riƙa cewa yaron ne mai layin wake, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya taɓa neman asalin kuskure a aikin mutum goma ya san wannan ba ƙaramin ɓata lokaci ba ne.

A nan ina so in rage wa masu goyon bayan waƙafin wani kuri da suke yi. Sau da yawa za ka ji ana cewa yana hana karo idan mutum biyu suka yi gyara a fayil ɗaya. Ba ya hanawa. Idan Audu ya ƙara gyaɗa a ƙarshen jeri, Binta ma ta ƙara riɗi a wuri ɗaya, Git zai tsaya ya tambaya wanne zai riga, da waƙafi ko babu. Sauƙin da ake samu shi ne wajen sasantawa: ka bar layukan biyu yadda suke, ba sai ka ƙara ko ka cire komai ba.

3.0 Yadda yarukan suka yi

JavaScript ya daɗe da yarda da waƙafin ƙarshe a jeri mai baka miƙe, ƙa'idar ECMAScript 5 ta 2009 kuma ta tabbatar da shi a abubuwa masu suna da ƙima. Sai dai tsofaffin nau'o'in Internet Explorer sun jiƙa wa mutane aiki: wasu sukan ƙi karanta shafin ɗungurungum, wasu kuma su ƙirga jerin abu uku su ce huɗu ne. Tsoron da aka kwasa a lokacin ya daɗe bai bar mutane ba, har bayan an daina amfani da burauzar. Sai a ƙa'idar 2017, bisa shawarar Jeff Morrison, aka yarda da shi a kiran fankishin da kuma wurin bayyana shi. Manhajar gyara fasalin rubutu ta Prettier ta bi sannu: a 2020 ta fara sa shi da kanta a wuraren da ƙa'idar 2009 ta sani, a 2023 da fitowar nau'i na 3.0 ta faɗaɗa shi har cikin fankishin.

Labarin PHP ya fi daɗin ji, domin a can ƙuri'a ake kaɗawa a bainar jama'a. A 2013 Sara Golemon ta kawo shawarar, aka ƙi. A 2017 Sammy Kaye Powers ya nemi a yarda da shi a kowane irin jeri, aka watsar da duka sai guda ɗaya. Bai yi fushi ba, ya dawo a shekarar da buƙata ɗaya tak, kiran fankishin, aka amince, ta fito a PHP 7.3 cikin Disambar 2018. Wurin bayyana fankishin kuwa sai da Nikita Popov ya sake kawo shi, ya shiga PHP 8.0 a Nuwambar 2020, wannan karon kusan ba mai ja. Shekara bakwai ke nan a kan alama ɗaya. Swift ma ya ƙi shawarar a 2016, ya karɓe ta a nau'i na 6.1 a 2025. Kotlin ya shigo a 2020.

Go ne ya wuce gona da iri, ko in ce ya kai maganar inda take nufa. A can na'ura ce ke cusa waƙafi mai ruwa da kanta a ƙarshen layin da ya ƙare da suna ko ƙima. Saboda haka idan ka sauko da bakan rufewa layi na gaba ba ka sa waƙafi bayan abu na ƙarshe ba, na'urar za ta ɗauka umarni ya ƙare a tsakiyar jeri, ta ƙi. Abin da wasu suka shekara suna roƙon a halatta, a Go wajibi ne. Su kuwa dangin Lisp kallon kowa suke yi, don ba sa raba kayan jeri da waƙafi, Clojure ma idan ka sa shi kamar ka bar fili ne.

4.0 Da gero da dawa da wake

Ga inda nake ganin muna da abin faɗa wanda ba aro muka yi ba.

Idan Bature zai jera abu uku, na farko tsirara yake zuwa, na biyu da waƙafi a gabansa, na ƙarshe da wata kalma ta daban. Kowane matsayi da hukuncinsa, in ka sauya musu wuri dole ka sake gyara alamomin. Balarabe ya fi shi daidaito, yana sa wawun haɗi gaban kowane abu, ban da na farko. Bahaushe kuwa cewa yake yi: da gero da dawa da wake. Da ni da kai da shi. Na farkon ma da nasa "da". Ɗauki kowane ɗaya tare da "da" ɗinsa ka jefar, ko ka kai shi gaba, ko ka dawo da shi baya, jimlar tana tsaye. Ƙara gyaɗa ba ya buƙatar ka taɓa wake. Wannan shi ne ainihin abin da Morrison da Powers da Popov suka nema wa yarukansu, wato kowane abu a jeri ya ɗauki alamarsa a jikinsa, kada a samu ɗan mowa da ɗan bora. Bambancin kawai, namu a gaba yake, nasu a baya.

Masu shirya manhaja sun gwada sa alamar a gaba su ma. Wanda ya karanta SQL ko Haskell na wasu ƙwararru zai ga layuka suna farawa da waƙafi, dabarar da aka ƙirƙiro domin yaren ya hana na ƙarshe. Dabara ce rabi da rabi, domin ta kwashe matsalar daga layin ƙarshe ta kai ta layin farko, wanda shi kaɗai ba shi da waƙafi. An dai ci riba tunda an fi ƙari a ƙasa fiye da sama. Inda aka yi irin na Hausa cikakke shi ne a OCaml da TypeScript, waɗanda suka yarda a sa sandar zaɓi gaban kowane layi har da na farko.

Misali na biyu yana rataye a zauren kowace makarantar allo daga Danchadi zuwa Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Almajiri idan ya kai ƙarshen aya yakan yi 'yan ƙwayoyi uku a dunƙule, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Ba ya cewa tunda wannan ce ayar ƙarshe a sura, babu wata a gabanta da za a raba su, bari in bar ta haka. Ita ma rufe ta yake yi. Alamar ta ayar ce, ba ta tsakanin ayoyi ba, kuma da ita ake ƙirga, a kai kumsa a ta biyar, a kai kuri a ta goma. Wanda ya duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu irin waɗanda ke ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu zai ga hakan. Ba banza ba da boko ya zo muka kira ɗigon ƙarshen jimla aya, muka kira ɗan'uwansa waƙafi, daga kalmar Larabci mai nufin tsayawa. Ko sunan ma dakatawa yake nufi, ba rabawa ba.

Ba ina cewa nahawun Hausa hujja ce a kan masu tsara yarukan kwamfuta ba, su da dalilansu. Magana ce ta koyarwa. Ranar da na ce wa samarin nan waƙafi "abin da ke raba kaya ne," sai su tsaya suna lissafin ina ne tsakani. Ranar da na ce musu "kowane layi da ayarsa, kamar a allo," ban sake maimaitawa ba. Su ne ma suka raɗa wa waƙafin ƙarshe suna jela. Akwai kuma wani amfani da mai kwamfuta ba zai lura da shi ba: a waya, kai 'yar sandar rubutu daidai ƙarshen layi da babban yatsa wahala ce, sai ka dangwala sau uku kana faɗawa tsakiyar kalma. Kwafe layi sukutum ka manna a ƙasa ka canza kalmar ciki ya fi sauƙi, kuma hakan ba ya yiwuwa lafiya sai layukan duk kamarsu ɗaya.

5.0 Inda jelar ke harbi

Masu ƙin waƙafin suna da hujja guda da nake girmamawa. Waƙafi a gaban bakan rufewa yana iya zama shaidar cewa mai rubutu ya yi niyyar ƙara wani abu, aka kira shi ko wuta ta ɗauke, ya manta. Yaren da ya hana zai kama wannan nan take. Yaren da ya yarda zai yi shiru, musamman idan fankishin ɗin mai karɓar kaya ko nawa ne, irin jera_amfani namu. Amsata ita ce wannan shaida tana da ƙarfi ne a layi ɗaya. Idan na ga jimla(a, b,) a miƙe, ni ma zan yi zargi, kuma ba na koya wa kowa ya rubuta haka. A jeri mai sauka layi-layi kuwa, abin da aka manta layi ne guda, kuma rashin waƙafi ba ya tona shi. Yarukan ma ba su buɗe ƙofar duka ba: a PHP da JavaScript waƙafi ɗaya aka yarda, biyu a jere kuskure ne a kiran fankishin, haka ma waƙafi shi kaɗai a baka biyun da babu komai ciki.

Python yana da nasa tarkon, domin a wurinsa waƙafi wani lokaci shi ne ma'anar. Lamba 5 a cikin baka biyu lamba ce kawai, amma da waƙafi a bayanta ta zama jeri mai abu ɗaya. Mafi muni, ko babu baka haka ne. Yaron da ya kwafo layi daga cikin kiran fankishin ya ajiye shi waje da jelarsa, ya rubuta hekta = 5, ya bar waƙafin, ya mayar da lambarsa jeri bai sani ba, kuma kukan ba zai tashi ba sai can gaba inda aka zo tarawa. Manhajar Black ta Łukasz Langa ta ƙara wa waƙafin wani aiki tun 2020: in ta gan shi a ƙarshe, takan ɗauka umarni ne ta warwatsa jerin layi-layi. Mutane da yawa suna son haka. Ni ina da ja, domin alamar da muka ce ba ta da nauyi an sake ɗora mata kaya.

Sai JSON, tsarin musayar bayanai da Douglas Crockford ya yaɗa. Kamarsa ɗaya da JavaScript a ido, amma bai yarda da waƙafin ƙarshe ba ko kaɗan, kuma ƙa'idarsa ta 2017 ba ta sassauta ba. Ɗalibin da hannunsa ya saba da jela zai kai ta can. A Python da JavaScript zai samu saƙon kuskure, a PHP kuwa json_decode, in ba an ce masa ya yi ƙara ba, wofi zai miƙo ya yi gum.

Na ƙarshe shi ya fi shafarmu a nan, kuma ni ya taɓa ci. Shafukan makarantu da ƙungiyoyi da yawa a kan PHP suke, a masaukin haya mai araha inda ba kai ke zaɓar ranar sabunta na'ura ba. Na taɓa gyara wani shafi a kwamfutata mai PHP 8, komai lafiya, na ɗora shi wajen wani kamfanin masauki da har lokacin yake kan 7.2, nau'in da aka daina kula da shi tun Nuwambar 2020. Shafin ya koma fari fat. Kuskuren nahawu ba ya jiran a iso layinsa, fayil ɗin duka ake ƙi tun kafin a fara aiki da shi. Waƙafi ɗaya ne a ƙarshen wani kira. Ga kuma wani rami a tsakiya: masaukin da ke kan 7.3 ko 7.4 zai karɓi jela a wurin kira, ya ƙi ta a wurin bayyanawa, sai mutum ya rasa gane me ya sa wannan ya wuce wancan ya maƙale.

Shi ya sa a zamanmu na Danchadi, kafin kowa ya rubuta layi ɗaya na aikin da za a ɗora a intanet, tambayar farko ita ce wane nau'i ne a masaukin. Bayan nan nakan ba su kira mai layi biyar in ce su mayar da na ƙarshe ya zama na biyu, sau ɗaya da jela, sau ɗaya babu, su ƙirga wuraren da yatsansu ya taɓa. Malaman da ke fara wa 'yan aji ɗaya da Java ko C++ ba za su iya wannan gwaji a kiran fankishin ba, amma za su iya yin sa a jerin ƙimomin farko, inda yarukan biyu suka yarda.